Gemun Masara a Ƙoƙon Tsohuwa

An yi wani mutum a Funtuwa wanda ya gaji rumfar mahaifinsa a layin masu turare da kayan malamai. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma ba a rufe ƙofar tuba ba.

Dattawan cikinku za su tuna mahaifin nasa. A zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa ya ɗauki auduga, malamai daga Kafur da Mahuta har Malumfashi wurinsa suke sayen za'afaran na rubutun sha. Alhazai ke kawo masa a 'yan gwangwanaye. Ba ya miƙa maka sai ya gwada a gabanka. Zai jefa sili ɗaya a ruwa, ku yi ta hirar damina. Na gaskiya ba ya gaggawa: a hankali yake sakin launin rawaya, silin kuma yana nan da jansa. Ga ƙanshi, wani abu tsakanin zuma da harawa. Matarsa, wadda kowa ke kira Tsohuwa, takan ce ko a cikin taro ta ƙanshin rigarsa take gane mijinta. Allah ya jiƙan mutanen da.

Dattijo ya rasu, za'afaran ya yi tsada, ɗan kuma yana son ya yi gini irin na tsaransa. Wata rana da kaka yana tsaye a gonarsa, ya tsinki gemun masara, ya murza a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Shaiɗan bai sha wahala da shi ba. Ya shanya gemun, ya yayyanka, ya tsoma a garurar rini, ya yayyafa turare, ya zuba a gwangwanayen mahaifinsa.

Da farko cakuɗawa yake yi da na gaskiya. Daga baya ma ya daina wahalar da kansa. Wa zai gwada? Malam Ubaidullahi, aminin marigayin, wanda idonsa ya soma rauni, in ya zo daga Malumfashi sai ya ce a bar ruwan gwaji, kayan gidan nan ba sa bukatar shaida. Mutumin nan ya yi gini, ya sa tayil, ana ce masa ɗan halak ya riƙe sunan uba.

Ya 'yan uwa, wannan abu sha ake yi. Masu naƙuda ke sha, da marasa lafiya. Bai taɓa tambayar kansa cikin wa yake shiga ba.

Sai Tsohuwa, mahaifiyar mutumin nan, ta kwanta ciwo a Malumfashi, gidan 'yarta Zaituna. Malam Ubaidullahi ya ɗauki nauyin yi mata rubutu kullum saboda zumuncin da ke tsakaninsa da mijinta, kuma ya ce ba zai yi da tawada ba, sai da za'afaran ɗin rumfar marigayin.

Ranar da mutumin ya je dubiya, ya tarar da ƙoƙo a gefen gadonta, ruwan ciki ja wur. Ya ga jan a leɓenta. Nan take ya gane aikin hannunsa. Kalma ɗaya ta isa ya ce a zubar. Amma Malam na zaune a tabarma, in ya ce a zubar za a tambaye shi dalili. Ya yi mata sannu, ya ajiye lemo da ayaba, ya koma Funtuwa yana gaya wa kansa ai ɗan kaɗan ne.

Jiki ya ƙara tsanani, ƙafafu suka kumbura. Ko garurar ce, ko ajali ne kawai ya zo, Allah ne masani. Shi dai har gobe bai sani ba, kuma rashin sanin ne ke cinsa.

Da ta ji abin ya zo, ta sa aka kira shi, ta ce Zaituna ta ba su wuri. Ta kama hannunsa.

"Tun ranar farko na san ba za'afaran ba ne," in ji ta. "Babu ƙanshin ubanka a ciki."

Da ƙyar ya tambaye ta me ya sa ta ci gaba da sha.

"In na ƙi sha, Malam zai ce don me. Ni ce zan tona maka asiri?"

Washegari bayan azahar ta cika. Matan da suka yi mata wanka suka ga jan da ya riƙe ƙoƙon, ya ƙi fita da sabulu. Ɗaya ta ce ita dai a rini ta san wannan launi. Kafin sadakar bakwai magana ta zaga Funtuwa. Malam Ubaidullahi kuwa gwangwanin kawai ya aiko masa da shi, da sauran abin a ciki.

Rumfar nan yanzu wani ke sayar da cajar waya a cikinta. Shi kuwa ya sayar da gonar, don ba ya iya kallon masara in ta fitar da gemu.

Ya 'yan uwa, algus ba ya tsayawa inda ka sayar da shi. Kai kana ganin baƙo ka cuta, ba ka san hanyar da zai bi ya shigo gidanka ba. Uwarsa ta rufa masa asiri da ranta, asirin kuma bai rufu ba. To ranar da babu uwa mai rufawa fa? Mai awo ya duba mudunsa, mai taki ya duba buhunsa, mai magani ya duba kwalbarsa, tun yau.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana suna mai kyau, ya ba mu ikon riƙe shi. Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.