Wayar Mudansir a Kan Ƙarfen Sabis

Ku matso, ku kife wayoyin nan naku tukuna, don wannan labarin ni kaina in na tuna shi sai gabana ya faɗi.

Akwai wani saurayi, Mudansir, shekararsa goma sha tara. A unguwa ba wanda ya san da zamansa, amma a waya mutum dubu arba'in ke binsa. Sana'arsa hawan abu mai tsawo yana ɗaukar kansa. Ya hau katanga suka yi tafi, ya hau tankin ruwa suka ce ƙarami ne. Duk ranar da 'yan kallo suka ragu, ko abinci ba ya iya ci.

Ran nan bayan la'asar, hadari ya haɗo, ya kama dogon ƙarfen sabis na bayan gari ya hau, ana kallonsa kai tsaye. Da ya kai ƙololuwa iska ta taso, ƙarfen ya fara rangaji. Ya leƙa ƙasa sau ɗaya. Ya rungume ƙarfen ya runtse ido, wayar na rataye a wuyansa, masu kallo kuwa sai rubutu suke yi: "Saki hannu ɗaya mu gani!"

Ƙanwarsa Bara'atu ce ta gani. Ya daɗe da toshe duk 'yan gidansu a shafinsa, ita kuwa ta buɗe shafi da sunan namiji tana binsa a ɓoye. Cikin dubban masu kallon nan ita kaɗai ta gane wurin, ita kaɗai ta fita da gudu ba takalmi tana neman ceto.

Ɗayyabu mai gyaran wuta, maƙwabcinsu, shi ya hau. Kowa ya san ba a kusantar ƙarfe ana walƙiya, matarsa ma riƙe masa riga ta yi. Ya fizge, ya ɗauki igiya ya hau har ya ɗaure yaron a ƙugu. To amma Mudansir ya ƙi sakin ƙarfen. Yatsunsa sun ƙage, ko jin magana ba ya yi, ga yayyafi ya sauko.

Sai uwarsa, Hajjo. Mudansir ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda alkunya, sai dai ta ce "wancan". Ta karɓi lasifikar wani mai tallan magani, gaban surukanta da duk jama'ar gari, ta ce, "Mudansir! Ni ce. Sauko, ɗana." Ya buɗe ido, ya saki ƙarfen, Ɗayyabu ya sauko da shi.

Kada ku ce an gama. Bidiyon ranar ya fi duk na baya samun 'yan kallo. Kwana uku da saukowarsa ubansa ya iske shi yana duba yawansu yana murmushi. Tsoro ya kama tsohon, ya ƙwace wayar, ya ce daga yau wayar da mai ita za su koma ƙarƙashin ikon mutum ɗaya cikin ukun nan da suka cece shi, wanda ya fi haƙƙi a kan ran yaron.

To, ku da kuke zaune, Bara'atu, Ɗayyabu ko Hajjo, wa za a damƙa wa?