Zabuwa da Kwamfutar Gidan Raƙumi

"Ga ta nan, ga ta nanku, wadda ba ku taɓa ji ba."

"Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe."

To, mai tari ya yi tarinsa yanzu, ba na son a katse ni.

An yi wata Zabuwa mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, gadon uwarta. Ma'aikatanta uku: Agwagwa mai tuƙa tunkuza ta fid da mai, Kunkuru mai tsaron sito, da Jaki mai kai kaya kasuwa. Sana'a ta buɗe, masu saye suka yi yawa, kan Zabuwa ya soma ɗaukar zafi. Kun dai san ta da mantuwa, ko ƙwanta ba ta tuna inda ta saka shi.

Ran nan sai ga Dila da buhu a kafaɗa. Ya ce, "Hajiya, ana zamani kina fama da kanki? Ga kwamfuta na kawo miki. Akwai manhaja a cikinta, ita za ta riƙe miki sana'a duka. Ta san abin da ke sito, ta gaya wa kowa aikinsa. Sharaɗi ɗaya ne: duk abin da ta ce, a yi, ba musu."

Zabuwa ta rantse, ma'aikata suka rantse. Dila ya jona waya, ya kunna. Bai tambayi sunan kowa ba, bai leƙa sito ba. Ya karɓi ladansa, ya kaɗe wutsiya, ya yi gaba.

Da gari ya waye, Jaki ya zo karɓar aiki. Kwamfuta ta ce, "Raƙumi, ɗauki kaya, sai Bilma."

Jaki ya ce, "Ni Jaki ne. Kasuwarmu ga ta can bayan gari."

Zabuwa ta ce, "An rantse, ba musu."

Jaki ya nufi hamada. Da kyar ya dawo, kofato ya cinye, rabin man ya tsiyaye a hanya.

Kunkuru ya zo. Kwamfuta ta ce, "Raƙumi, durƙusa a yi maka laftu."

Kunkuru ya ce, "Ni Kunkuru ne. Da ma a durƙushe nake."

Zabuwa ta ce, "An rantse, ba musu."

Aka jibga masa buhunan gyaɗa, sai ji aka yi ƙas! Bayansa ya daddare. Ku duba kunkuru gobe, tsagar tana nan.

Agwagwa ta zo neman ruwan zafin da za ta yayyafa wa tunkuza, da ɗan wanda za ta jiƙa maƙoshi. Kwamfuta ta ce, "Raƙumi ya sha jiya. Ruwa sai wani mako."

Tunkuza ta ƙi ba da mai. Agwagwa ta yi ta kiran ruwa har muryarta ta dushe, muryar ba ta kuma dawo ba har yau.

Sai su ukun suka sami Zabuwa. Agwagwa ta ce, "Hajiya, mun yi wa uwarki aiki, mun yi miki. Amma in kasuwa ta sake ci muna haka, mun tafi."

Hankalin Zabuwa ya tashi, don in suka tafi murhu ya mutu ke nan, gadon uwarta ya ƙare a hannunta. Ta aika a kira Dila.

Dila ya zo, ya ƙwanƙwasa kwamfutar, ya girgiza kai. Ya ce, "Kash! Ta tsufa, ba ta gyaruwa. Amma kin taki sa'a, ga sabuwa dal a buhuna. Tsohuwar ki bar mini, ni zan kai ta juji, ba sai kin wahala ba." Ya fito da wata, an lulluɓe ta da sabon ƙyalle mai walƙiya. Ya ce, "Ku rantse in kunna."

Zabuwa ta buɗe baki za ta rantse, sai ta ga bayan Kunkuru. Ta ce, "Malam Dila, kunna tukuna mu ji muryarta."

Dila ya yi 'yan kame-kame, ya kunna. Sabuwa ta dubi Zabuwa sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ta yi ƙiba. A yanka, a fige."

Wayyo! Kunkuru ya shige ƙoƙonsa, Agwagwa ta faɗa bayan turmi. Zabuwa kuwa ta sandare, tsoro ya cika ta, don da ta rantse da tuni tana cikin ruwan zafi. Kuma duk garin mutum ɗaya ke irin wannan magana, Kura mahauciya. Ta ɗaga ƙyallen, sai ga maiƙon kitse.

Ta juya wurin tsohuwar, ta yi abin da ba wanda ya taɓa yi. Ta tambaye ta, "Ke, a gidan wa kike aiki?"

Kwamfuta ta ce, "Gidan Raƙumi, fataken gishiri."

"Wa ya ce miki nan gidan Raƙumi ne?"

"Ba wanda ya ce mini ba nan ba ne."

Ashe sana'ar Dila ke nan. Ya ɗauke kwamfutar wannan gida ya sayar a wancan, ya ɗauke ta wancan ya kai gaba, kowace da karatun gidan da ta baro. Zabuwa ta ce, "Malam, naɗe sabuwarka. Tawa lafiyarta ƙalau, gida ne ba a nuna mata ba."

Ta shimfiɗa tabarma gaban kwamfutar. Jaki ya zo ya faɗi sunansa da hanyar kasuwa. Kunkuru ya faɗi nasa, ya ce shi tsaro yake yi, ba dako ba. Agwagwa ta bayyana yadda tunkuza ke shan ruwa. Abin fa bai zo da sauƙi ba. Sai a yi gaba, kwamfuta ta sake cewa Raƙumi, a dawo baya a gyara. Zabuwa ta gaji, ta yi tsaki, ta ci gaba. Aka kuma warware rantsuwa: in kwamfuta ta faɗi abin da bai yi kama da hankali ba, a tambaye ta dalili. Ranar kasuwa, Jaki ya zo karɓar aiki. Kwamfuta ta ce, "Jaki, ɗauki mai, sai bayan gari." Cikin ma'aikatan ba wanda ya bar aiki.

Saura Dila. Shi ya riga ya ɗauko kwamfutar Kura, ya yi mata alkawarin sabuwa kafin rana ta faɗi, sabuwar kuwa ita ce ta gidan Zabuwa. Ya rasa ta yi, sai ya sake wa ta Kura wani ƙyalle, ya mayar mata da abinta. Kura ta rantse, kamar yadda ya saba sa kowa. Ya kunna.

Kwamfuta ta dube shi, ta ce, "Wannan ba ƙiba, amma zai yi farfesu. A yanka."

Dila ya ce, "Tsaya, Hajiya Kura! Kuskure ne, ɗan gyara kawai take so!"

Kura ta tura ƙofa, ta ce, "Malam, kai ka ce ba musu."

To, kun ji. In abu ya ƙi muku aiki, ku fara tambayar abin da aka koya masa kafin ku nufi juji da shi. Wanda kuma ya ce ku zubar, ku leƙa buhunsa.

Ƙurunƙus, kan Dila a tukunyar Kura. Wanda ya yi gyangyaɗi bai sami romo ba.