Almakashin Alhaji Kallamu

Akwai wani ejan na kago, mai tura wa 'yan kasuwa kaya gida, a unguwar Xiaobei, a birnin Guangzhou na China, ana ce masa Alhaji Kallamu. Kaya ba sa ɓata a hannunsa. Aibinsa ɗaya ne: tunda ya ji malami a waya yana ba da tarihin sarakunan Bani Isra'ila, ya sa wa ransa shi ma alƙali ne.

Labarin Annabi Sulaiman ɗan Annabi Dawuda (AS) ya fi shiga ransa, na mata biyun da suka yi rigima a kan jariri. Aka ce a raba yaron biyu, uwar gaskiya ta ce a bar wa ɗayar, kada dai a taɓa shi. Duk wanda ya shigo ofis sai ya sha labarin, har da gyaran murya da ɗaga yatsa.

Wata Laraba da hantsi Allah ya kawo masa shari'a har ofis.

Hajiya Balki 'yar Maraɗi, wadda rabin kwantenarsa kayanta ne, ta ajiye samfurin jakar hannu a kan kwalaye ta tafi cin abinci. Masana'anta a Shiling, garin masu ɗinkin jaka, na jiran samfurin a ranar, don jibi za su tafi hutun sabuwar shekarar China. In ya wuce yau, jakunkunanta ba za su riski kasuwar Sallah ba.

Da ta dawo, sai ta tarar da jakar a hannun Saffana, wata yarinyar Kano da wannan ne zuwanta China na farko.

"Ɗiyata, wagga jikka tawa ta."

"Haba Hajiya, wallahi jiya na saya da kuɗina."

Kallamu ya miƙe jiki na rawa. Ya gyara hula, ya kira maƙwabtan ofis su zo su ga hikima.

"Alhaji, bari in hwaɗa maka..."

"Hajiya, ba na buƙatar bayani." Ya zaro almakashin yankan salatef. "Za a raba ta biyu, kowa ta ɗauki rabi."

Saffana ta ɗora hannu a ka. "Wayyo, kar ka yanka. Gara ka bar mata."

Balki kuwa agogo ta duba. "Yanke mana, amma ka bi ɗunki. Ka ba ni wajen da ad da zip, direba na jirana."

Kallamu ya juya ga jama'a yana murmushi har kunne. "Kun gani? Kun dai gani da idonku? Mai abu ba ta yarda a yanka. Ƙanwata, riƙe jakarki. Ke kuma Hajiya, da girmanki, ki ji tsoron Allah."

Balki ba ta ɗaga murya ba. Ta ciro waya ta kira mai masana'antar ta bidiyo, ta haska masa jakar.

Lawban, wato mai masana'antar, ya kara fuska jikin wayar, ya tabbatar samfurin madam Balki ne, shi ya ɗinka makon jiya aka kai mata ta duba. Ya ce a hanzarta, mai yanka na zaune da wuƙa yana jira. Da aka tambaye shi ko akwai irinta a kasuwa, ya kaɗa hannu: "Meyo, meyo," wato babu.

Abin da Kallamu bai sani ba, shekara tara yana tura jakunkuna bai taɓa taka Shiling ba: samfuri dama yanka shi ake yi. Masu masana'anta farke shi suke yi gunduwa-gunduwa su fitar da ma'auni. Mai samfuri ba ta kukan almakashi.

Aka ɗaga kwalaye, sai ga jakar Saffana ta faɗa baya, kala ɗaya amma maɓalli daban. Yarinya ta durƙusa tana ba da haƙuri.

"Tashi ɗiyata, ke kuskure kinka yi. Taho mu tai Shiling ki ga yadda aka yi."

Sannan Balki ta dubi Kallamu.

"Annabi Sulaiman Allah ya ba shi fahimta. Kai wuƙar kaɗai ka ɗauko cikin labarin. Ka ce mini ɓarauniya gaban mutane ba ka ji bakina ba. Kwalayena arba'in da biyu, gobe a fiddo mini su."

"Hajiya, ai gwaji ne kawai, a tsaya a yi magana..."

"Yanzu kake son magana?"

Washegari kwantenar Kallamu ta tsaya rabi babu kaya, maƙwabta kuma duk wanda ya wuce ƙofarsa sai ya leƙo: "Allah ya gafarta alƙali, a ara mana almakashi."

Darasi: Haddace labarin masu hikima ba ya mayar da mutum mai hikima. Kafin ka yanke wa wani hukunci, ka rufe bakinka ka ji nasa, ka kuma tambayi abin da ba ka sani ba. Ku tura wa wannan alƙalin na gidanku ko na guruf ɗinku, kun san shi.