Kurege da Benen Gara

Ga ta nan, ku gyara zama, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Wata tsohuwar unguwa ce a gindin tsamiya, kowa da raminsa tun kaka da kakanni. A tsakiyarta akwai fili, sai ciyawa. Ran nan Gara ta aiko wa mai unguwa Kunkuru cewa za ta gina suri hawa bakwai a filin, mai bukatar ɗaki ya samu. Bushiya ta fi kowa murna, don 'ya'yanta shida sun girma a rami ɗaya, in wannan ya juya sai ya soki wancan.

Ashe a filin nan Kurege ke binne gyaɗar da yake sata a rumbunan maƙwabta. Ana haƙa tushe, asirinsa zai tonu.

Sai ya bi gida gida. Ya ce wa Gafiya baƙi za su ƙarar da rijiya. Ya ce wa Zomo baƙi za su tare iska. Ya zo wa Bushiya har da matsar hawaye.

"Yaya Bushiya, wanda ke hawa na bakwai har banɗakinki zai riƙa leƙawa."

"To 'ya'yana fa, Malam Kurege?"

"Su yi haƙuri. Mutunci ya fi ɗaki."

Kunya ta kama baiwar Allah, ta bi bayansa. Aka taru aka yi doka: ba ƙarin rami, ba ƙarin hawa. Da labari ya kai wa Gara, ta je kan tudu bayan gari ta yi gininta.

Damina ta faɗi. Ruwa yau, ruwa gobe, ruwa jibi, ramuka suka cika. Kurege ya kwashi gyaɗarsa, sai tudu. Ya rantse wa Gara shi kaɗai ya tsaya mata a taron. Ita kuwa makauniya ce, kuma ba ta je taron ba. Ta ba shi ɗakin can sama, ta naɗa shi sarkin gida. Abin nan har yau yana ci mini rai.

Can sai ga Bushiya sharkaf, da 'ya'ya huɗu, ruwa ya tafi da biyu. Ta roƙi ko lungu ne. Kurege ya leƙo daga sama yana ɓare gyaɗa.

"Yaya, ba ƙin ki nake ba. Mu mazauna nan mun zauna mun yanke shawara, unguwarmu ba ta ɗaukar ƙarin jama'a."

Ƙurunƙus, kan Kurege ya sha. Darasin, yara: in za ku hana gini, ku fara kama ɗaki a sama.