Irin Albasar Malam Bala

Akwai wani saurayi a Shagari mai suna Maniru. Kwanan nan da na dawo gida na ji labarinsa, kuma har yanzu bai bar raina ba.

Mahaifinsa, Malam Bala, manomin albasa ne. Yana da wani iri da ya gada daga kakanni, albasa ja mai jure ajiya. Irin albasa ba ya daɗewa a gora, dole kowace shekara a shuka a sake tara sabo. Haka gidan suka riƙe shi tun zamanin kakan Maniru.

Sai wasu matasa suka buɗe ƙaramin ɗakin gwaji a Bodinga, suna koya wa mutane duba DNA, wato ƙwayar halitta. Maniru ya shiga. Malamarsu, Atika, ta nuna musu yadda ake gano cuta a jikin tsiro: idan layi ya fito a gwajin, akwai cuta. Ta ce kullum a haɗa da kwalba guda ta ruwa zalla. Idan ita ma ta nuna layi, to kayan aikin ne suka gurɓace, sai a sake.

Maniru yana da kaifin kai, ga gaggawa. Ya ɗebi irin mahaifinsa ya gwada. Layi ya fito. Bai ko waiwayi kwalbar ruwan ba, ya hau mota sai gida.

“Baba, wanga iri cuta gare shi. Shi za ya kashe muna gona.”

“Mi ka gani, Maniru?”

“Abin da ido ba ya gani. Ko na yi bayani ba ka ganewa.”

Malam Bala ya ce a dakata a sake dubawa. Yana fita sallar La'asar, Maniru ya juye gorar cikin murhu.

Washegari Atika ta kira shi, ta nuna masa sakamakon. Kwalbar ruwan ma ta fitar da layi. Da abin ɗiba guda ya taɓa dukkan kwalaben, har da ta tsiro mai cuta da ake koyo da ita.

“Irin babanka wataƙila lafiya lau yake. Kawo wani mu sake.”

Babu wani, duk Maniru ya ƙone shi.

Ya bi garuruwan Sifawa da Dingyaɗi yana tambaya ko akwai wanda Malam Bala ya taɓa ba wa. Waɗanda ya ba wa duk sun gauraya nasu da na kasuwa.

Da ya durƙusa yana neman gafara, tsohon bai yi faɗa ba. Ya ɗauki gorar da babu komai ciki, ya girgiza ta.

“Na yahe maka. Amma da ka tambaye ni, da na ba ka rabi ka ƙona. Sauran kuwa, kai nike aje ma.”

Har yau gorar tana rataye a zaure.

Darasi: Sabon ilimi ba ya hana mutum kuskure. Kafin ka yanke hukuncin da ba ya gyaruwa, sake dubawa, kuma ka saurari wanda ya ce ka dakata. Ku tura wa ƙannenku masu koyon sabon abu.