Fijo Mai Kuka

An yi wani mutum a Tambuwal, zamanin da kuɗin man fetur suka fara shigowa. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa suna nan. Kwangilar ginin aji biyu ya samu, sai ya ga ba ya dacewa da keke. Ya je Kebbe ya sayar da shanun gadonsa da fadamar ubansa, ya haɗa duka ya sayo mota Fijo fara fat.

A Kaduna aka sa mata wata na'ura, ko hannu ka ɗora wa motar sai ta ɓarke da kuka kamar jiniya. Ya 'yan uwa, tsare dukiya ba laifi ba ne, addini bai hana ba. Laifinsa girman kai ne da tozarta maƙwabci.

Ƙofar gidansa akwai durumi, inda dattawan unguwa ke shimfiɗa tabarma tun kakanni. Baƙo ba ya wucewa sai sun ji daga ina yake, wurin wa ya zo. Mutumin nan ya kafa motarsa tsakiyar inuwar, ya tura su gefe. Ran nan Malam Bube, tsohon da ya raɗa masa suna, ya dafa motar zai miƙe, ta kama kuka. Mai motar ya fito ya kira tsohon nan ɓarawo a gaban jama'a, ya ce motarsa na da bakinta, kada kowa ya ƙara tambayar abin da ya shafe ta.

Dattawa suka ce to. Kullum akuya ta goga jikinta, motar ta yi ta ihu, shi kuwa da gangan yake barinta don ta dame su.

Wata ranar kasuwa bayan azahar, sai ga mutum biyu da kayan makanikai. Suka yi sallama, suka durƙusa suka gai da dattawa, suka ce Alhaji mai motar ne ya aiko su kai motar Sakkwato a cire kukan nan da ke hana malamai sakewa. Dattawa suka yi murna, suka ce ashe ya shiryu. Baƙin suna buɗe ta, ta kama kuka. Mai ita yana kwance a ɗaki yana ji, ya juya ya gyara matashi, ya ce bari tsofaffin su sha. Motar ta ƙi tashi, Malam Bube da kansa ya kira samari aka tura musu ita.

Da la'asar mutumin ya fito, ba mota. Ya faɗi zaune, yana tambaya me ya sa ba wanda ya tuhume su. Malam Bube ya ce, "Ɗana, kai kac ce kada mu tambaya. Mu alheri munka zata gare ka."

Ba a sake ganin motar ba. Ba shanu, ba fadama. Dattawan da ya kora ne suka matsa masa a tabarma, suka aro masa gona, ya ci tuwo da su har ya bar duniya.

Ya 'yan uwa, wa ya fi shi ƙararrawa a garin nan? Ta yi kukanta, ba ta yi ƙarya ba. Amma kuka na buƙatar mai amsawa, shi kuwa ya riga ya rufe bakin masu amsawa da kansa. Ka sa wa motarka makulli, amma ka fara gai da maƙwabcinka.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya bar mu da mutanenmu. Amin.