Gayyar da Kabo Ya Kira Ba Giya

Akwai wani manomi, Kabo, a wani ƙauye kusa da Gabi, cikin ƙasar Madarumfa. Danginsa masu bin gargajiya ne, kuma a wajensu ba a kiran gayyar noma sai an dafa giya. Ta Kabo ta yi suna. Rabin dawarsa a tukunya take ƙarewa.

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, ƙanensa Garba ya bugu, ya shiga kwalekwale a tafki, bai dawo ba. Kabo ne ya zuba masa ƙoƙon ƙarshe. Tun ranar gidan ya yi tsit, ko kaji a hankali suke tafiya. Wani fasto ya riƙa zuwa yana zama da shi. Kafin ruwan fari Kabo ya ba da gaskiya ga Yesu, aka yi masa baftisma, ya kife ƙoƙonsa.

Damina ta sauka, ciyawa ta taso wa dawa. Kabo ya kira gayya, ya ce tuwo da kunu za a ba mutane.

Baffansa, tsoho Ado, ya tare shi a hanya. "Kai ɗan nan, kunu? Mu masu jego ne? Ko kare ba zai bi ka gona ba."

Matarsa Kande ta ce, "Maigida, tukunya ɗaya kawai. Ba sai ka sha ba. In gonar nan ta mutu, me yara za su ci?"

Kabo ya ce, "Abin da na zuba wa Garba ba zan ƙara zuba wa ɗan kowa ba. Wanda nake bi ya san inda gonata take."

Ranar gayya 'yan majami'a biyu kaɗai suka zo. Suka yi iya yinsu, amma ciyawa ta cinye gefen yamma na gonar. Da kaka, Ado ya dubi 'yan dammunan Kabo, ya yi dariya ya wuce.

Shekara ta juyo, aka shiga tsakiyar damina, lokacin da rumbuna ke yin wayam. Wata safiya sai ga Ado a ƙofar gida, yana ta zancen hadari, idonsa a kan turmin Kande. Kabo ya gane. Ya hau rumbu, ya sauko da dami, ya ajiye gabansa.

Ado ya dafa damin. "Ina ka samo dawa a watan nan?"

"Ba nesa, Baba. Ita ce wadda da tuni mun shanye."

Darasi: Barin tsohon hali yana da tsada, za a yi maka dariya, wata gonar ma ta tafi. Amma Almasihu ba ya barin wanda ya kama shi hannu wofi. Ku isar da wannan ga ɗan'uwan da ke tsoron ajiye ƙoƙonsa.